Bakin ciniki ma yakan yi tsatsa

 

A cikin saƙonnin da suka taru mini lokacin hutu akwai guda daga Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a Jihar Kebbi, wanda na ga ya dace mu tsaya a kansa yau. Mai saƙon ɗan aji biyu ne na babbar sakandare, kuma a makarantar kwana yake. Ya ce a dogon hutun da ya wuce ya riƙa taya kawunsa, mai sarin wake da dawa, kiran masu saye ta waya. Da farko kawun ke magana shi yana saurare, daga baya aka sakar masa wayar. Kafin hutu ya ƙare har wasu 'yan kasuwar Koko da Yawuri sun san muryarsa, idan sun kira sai su ce a ba su yaron nan. Ya koma makaranta a watan Satumba, ya yi zango guda cur bai taɓa waya ba. Da ya dawo a Disamba, ana tsakiyar kaka, sai ya ɗauki waya da ƙarfin gwiwarsa ya kira wani Alhaji da suka saba. Tun daga gaisuwa harshe ya sarƙe, aka tambaye shi kuɗin buhu ya kama in'ina, Alhajin ya ce, "Yaro, ba ni kawunka." Ya rufe saƙon nasa da tambayar ko dai baki aka yi masa.

Ba wanda ya yi maka baki, ƙanena. Abin da ya same ka shi ke samun lauje idan an rataye shi tun daga ƙarshen girbi har wata kakar. Yana nan da siffarsa da ƙotarsa, amma ka kai shi gona ka ga ko zai yanka.

Kada wani ya ga kamar maganar ƙarama ce. Mahuta tana kan hanyar da ta taso daga Koko ta nufi Dabai, a bakin garin Zuru, kuma Fakai ɗaya ce daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru, tare da Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba. Ƙasar noma ce: dawa, masara, shinkafa, wake. Amma masu kuɗin da ke kwasar amfanin gona mota-mota yawanci ba a nan suke zaune ba. Suna Zuru, suna Koko da Yawuri da Jega, suna Kwantagora, wasu har Dawanau a Kano. Kafin shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya, wanda ke son sanin yadda ake sayar da buhu a wata kasuwa sai ya taka da ƙafarsa, ko ya yarda da abin da dillali ya faɗa masa, ko gaskiya ne ko akasinta. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan matsalar tsaro ta sa mutanen wannan yanki suna auna kowace tafiya kafin su yi ta. Don haka ciniki mai yawa ya koma cikin waya, kuma gidan da ke da mutum ɗaya mai iya magana a waya ya fi maƙwabcinsa samun farashi mai kyau, ko da kuwa wakensu iri ɗaya ne.

Wata malamar jami'a a Amurka mai suna Jenny Aker ta bi diddigin wannan a Jamhuriyar Nijar. Ta duba kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta isa. Dalili kuwa shi ne ɗan kasuwa na iya tuntuɓar kasuwanni da yawa a wuni ɗaya yana zaune a rumfarsa. Sai dai ku lura, wayar ba ta ciniki da kanta. Wanda ke riƙe da ita ne ke yi. Idan mai saye ya ji muryarka na rawa ya matsa maka ka rage Naira 1,500 a kowane buhu, kuma buhu 40 ne a ƙasa, Naira 60,000 ce ta tafi a cikin minti biyu. Ku tambayi iyayenku abin da wannan kuɗin zai yi a gida.

To me ya sa abin da mutum ya iya yake guduwa? Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kan kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna nawa ya rage masa bayan sa'a guda, bayan wuni, bayan wata. Ya ga mantuwa tana da gaggawa a farko, sannan ta riƙa lafawa. Amma ya ga wani abu na biyu da ya fi daɗin ji: sake koyon abin da aka taɓa koya ba ya cin lokaci kamar koyon farko. Wato ɗalibinmu na Mahuta bai koma sifili ba. Abin yana nan kwance, tashinsa ake buƙata.

Mu ma a gida mun san wannan tun kafin a haifi Ebbinghaus. Mahaddacin Alƙur'ani ba ya cewa ya sauke shi ke nan, kullum yana cikin tilawa, domin ya san hadda tana zillewa. Mawaƙan coci suna haɗuwa a tsakiyar mako su maimaita waƙar da suka shekara suna rerawa. Ɗan kokawa a ƙasar Zuru ba ya jiran ranar biki kafin ya motsa jiki, haka saurayin Lelna da zai fita golmo a gonar surukai ba ranar ne zai fara sanin nauyin garma ba. Matuƙin jirgin sama ma, duk tsufansa a aiki, doka ba ta yarda ya ɗauki fasinja ba sai idan ya tashi ya kuma sauka aƙalla sau uku a cikin kwana 90 da suka gabata. Lasisinsa yana aljihu, amma ba a yarda da lasisin kaɗai ba.

Na san wani zai ce, ai wanda ya iya keke ba ya mantawa ko ya shekara goma bai hau ba. Gaskiya ne. Amma keke ba ya canzawa, kasuwa kuwa kullum cikin canzawa take. Abin da ɗalibinmu ya sani a watan Agusta farashin tsohon hatsi ne, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma mai kaya ke da baki. A Disamba sabon amfani ya cika kasuwa, mai kuɗi ke da baki. Ya shiga ciniki da lissafin damina a tsakiyar kaka, dole ya yi tuntuɓe. Ban da wannan akwai ƙarfin hali, wanda a ganina shi ya fi komai saurin zubewa. Yaro ɗan shekara 16 ya kira dattijo mai shekarun mahaifinsa, ya faɗi farashi, a ce ya yi tsada, ya tsaya a kan bakansa cikin ladabi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke yi kullum ba ya jin nauyinsa. Wanda ya yi wata uku yana "na'am malam" da "to malam" sai ya ji kunyar ta dawo sabuwa fil.

Cinikin waya kuma ya fi na rumfa wuya. A kasuwa mai saye zai zura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya duba ko akwai ƙwari, ya ciza ya ji ko ya bushe. Kai kuma kana kallon fuskarsa, ka san lokacin da tayinsa na gaske ne da lokacin da yake gwada ka. A waya duk wannan babu. Muryarka ce buhun, ita ce rumfar, ita ce shimfiɗar fuskar. Ga kati yana ƙonewa, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ga sabis da kan ɗauke ana tsakiyar magana. Wanda ba shi da shiri sai ya ɓata minti guda yana "halo, halo, kana ji na?"

Ku kwatanta kiran nan guda biyu. Na farko: "Halo, Alhaji ne? Akwai wake fa." Alhaji bai san wa ke magana ba, bai san daga ina ba, wataƙila ma yana tsakiyar lissafi da wani. Na biyu: "Salamu alaikum, Baba Alhaji, barka da hantsi. Yaron Alhaji wane ne daga Mahuta, mu muka loda maka dawa a watan Agusta. Ya gida, ya kasuwa? Kawu ne ya ce in gaishe ka, in kuma shaida maka sabon wake ya shigo, fari ne manya, an sheƙe shi tas. Buhu 40 ne a ƙasa. Kana da sarari mu yi magana, ko in sake kira bayan Azahar?" A cikin numfashi uku ya gaisa, ya faɗi ko shi wane ne, ya tuna wa dattijon hulɗar da ta gabata, ya siffanta kaya, ya faɗi yawansu, ya kuma girmama lokacin mutum. Wannan ba baiwa ba ce. Duk wanda ya faɗe shi sau talatin zai faɗe shi ba gargada.

Yanzu ga babbar tambaya: yaya ɗalibin da ke makarantar kwana, inda aka hana riƙe waya, zai ci gaba da wasa wannan lauje? Bari in fara da abin da ba zan ce ba. Ba zan ce ka ɓoye waya a cikin katifa ba. Idan aka kama ka, ba ruwan wannan fili. Kuma atisayen da ya fi amfani ba ya buƙatar waya ko kaɗan.

Ka nemi aboki ɗaya mai irin ra'ayinka. Bayan cin abincin yamma, ko ranar Asabar bayan wanki, ku zauna ku juya wa juna baya. Juya bayan nan shi ne sirrin abin, domin yana ɗauke maka fuska kamar yadda waya ke yi. Ɗaya ya zama mai kaya, ɗaya ya zama Alhajin Jega. Minti goma sun isa, biyar naka biyar nasa. Amma mai yin Alhaji kada ya yi sauƙi. Ya katse ka, ya yi kamar bai gane ka ba, ya ce yana sauri, ya ce, "Kai, ya yi tsada, a Ribah an ba ni ƙasa da haka." Nan ne za a ga ko ka iya. Wanda bai saba ba ko dai ya rage nan take, ko ya fara musu, duka biyun kuwa asara ne. Wanda ya saba sai ya yi tambaya: "To Baba, wane iri suka ba ka, fari ko ja? Kuɗin nan har da na mota da na lodi, ko ban da su?" Sau da yawa a cikin amsar ne za ka ga ashe farashin naka bai fi nasu ba. Idan kun gama, wanda ya yi Alhaji ya faɗa maka abu ɗaya tak da ya ji bai yi ba. Ɗaya, ba goma ba. Gobe ka gyara shi.

Wannan dabarar ba sabuwa ba ce a duniyar kasuwanci. A garin Dayton na Amurka akwai wani mai kamfani, John Patterson, wanda kamfaninsa NCR ke ƙera na'urar ajiye kuɗi da lissafin ciniki ta kantuna. A 1887 ya sa aka rubuta wa masu yi masa talla ɗan littafi mai ɗauke da abin da za su faɗa wa mai kanti daga farko har ƙarshe, ya wajabta musu haddace shi, yana kuma yi musu gwaji a kai. Daga baya ya buɗe musu makaranta ta musamman. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi a wannan kamfani, Thomas Watson, shi ne ya zo ya jagoranci IBM, kamfanin da ya yi suna a harkar kwamfuta. Na yarda da Patterson a kan maimaitawa, amma ban yarda da shi a kan haddace komai ba, aƙalla ba a kasuwarmu ba. Bahaushe yana jin muryar mai karanta hadda zai gane, kuma ba ya son a yi masa magana kamar rediyo. Abin da za ka haddace shi ne buɗe magana, da siffar kayanka, da farashi. Sauran kuwa saurare ne.

Akwai kuma binciken da wani masani, Anders Ericsson, ya yi da abokan aikinsa a 1993 a kan ɗaliban wata makarantar kiɗa a birnin Balin, masu koyon wani abin kiɗa mai kama da goge. Daga nan ne maganar nan ta sa'o'i 10,000 ta samo asali, wadda wasu ke yawo da ita kamar wani laƙani. Shi kansa Ericsson ya sha nanata cewa ba yawan sa'o'in ne kaɗai ba. Abin da ke kai mutum gaba shi ne ya ware wurin da yake da rauni, ya yi ta dukansa, kuma a samu mai gaya masa inda ya kauce. Mai maimaita abin da ya riga ya iya yana jin daɗi ne kawai. Saboda haka idan gaisuwarka ta zauna amma lissafi ke kayar da kai, to ka bar gaisuwa ta huta. Abokinka ya riƙa jefo maka tambaya: buhu 17 a kan kaza, a cire la'ada, a cire kuɗin lodi, nawa ya rage? Ka amsa da ka, ba biro ba takarda. Malamin lissafinku zai yi mamakin abin da ya same ka a wannan zangon.

Sai batun sanin halin da kasuwa ke ciki. Wannan shi ne abin da ya fi kayar da mai saƙonmu, kuma maganinsa ya fi kowanne sauƙi. Ka ware shafuka biyu a bayan wani littafinka. Duk ranar ziyara, ko duk lokacin da aka ba ku damar kiran gida ta wayar malami, bayan ka tambayi lafiyar kowa ka tambayi nawa ake sayar da kwanon dawa da na wake da na masara, ka rubuta da kwanan wata. 'Yan jeka-ka-dawo ma za su iya kawo maka labari daga kasuwar garin da makarantarku take. Zuwa ƙarshen zango za ka ga layin farashi ya fito da kansa, ka ga watan da ya faɗi da watan da ya fara hawa. A shafi na biyu ka rubuta sunayen waɗanda kuke hulɗa da su, da garinsu, da abin da kowa ya saya na ƙarshe, da halinsa: wannan mai son doguwar gaisuwa ne, wancan ba ya son a kira shi da sassafe, wannan Hajiyar sai ta taya sau uku kafin ta saya. Ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan tsokaci ga 'yan ƙasar Zuru musamman: kuna da wata dukiya da ɗaliban wasu wurare ba su da ita, wato yawan harsuna. Da yawanku kun tashi da C'lela ko Fakkanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji. Manomin da za ka sara daga hannunsa zai fi sakin jiki idan ka gaishe shi da harshen gida, mai sayen da ya taso daga Kudu kuwa sai da Turanci ko buroka. Ku riƙa juya atisayen nan daga harshe zuwa harshe. Harshen da aka daina ciniki da shi lambobinsa ne ke fara ɓacewa. Kuma ku tuna, duk lokacin da kuka kira kamfanin waya ko banki aka ce ku danna lamba kaza don jin Hausa, wanda ya amsa muku albashi ake biyansa saboda ya iya magana a waya.

Abin da ya fi wuyar koya, wanda kuma ba wanda ke son yin atisayensa, shi ne jin "a'a". A rumfa idan an taya kaya bai yi maka ba sai ka ce albarka, mai saye ya ƙara ko ya wuce, ba wanda ya ji haushi. A waya kuwa idan aka ce "ba na buƙata" aka kashe, sai yaro ya ji kamar an mare shi, ya ajiye wayar, sauran mutum biyar da ya kamata ya kira su tafi a banza. Ku saka wannan a cikin wasanku. Wani lokaci mai yin Alhaji ya ƙi saye ƙememe, duk abin da aka faɗa masa. Aikin mai kaya a nan shi ne ya rufe magana da kyau: "Ba komai Baba, Allah ya ba da kasuwa. In sake tuntuɓarka idan dawa ta shigo?" Wanda ya ƙi wake yau yana iya neman dawa bayan mako biyu, kuma zai tuna da yaron da bai yi fushi ba. Haka nan ku koyi yin shiru. Idan ka faɗi farashi, ka tsaya. Masu sabon hannu ba sa iya jure shirun daƙiƙa uku, sai su yi maza su rage kuɗi tun ba a nemi ragi ba.

Akwai wani kira kuma da kusan kowa ke mantawa da shi, wato na bayan ciniki. "Baba, kaya sun iso lafiya? Yaya ka gan su?" Ba ka sayar da komai a wannan kiran, amma shi ke sa a riƙe lambarka.

'Yan mata, kada ku ce wannan zancen masu buhu ne. Da yawanku kuna taya iyaye mata tallar atamfa, turare, cincin ko man gyaɗa ta WhatsApp lokacin hutu. Saƙon murya ma kira ne, har ya fi kira tona asiri, domin ana iya sake saurarensa. Idan kin samu waya a hutu, ki ɗauki muryarki kina siffanta kaya, ki saurara. Karon farko ba za ki so abin da kika ji ba, kowa haka yake. Ki ƙirga sau nawa kika ce "eh to" da "wato", ki sake ɗauka har su ragu.

A 2011 hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta shigo da darussan sana'a guda 34 a manyan sakandare, kuma dabarun sayar da kaya na cikinsu a wancan lokacin. Abu ne mai kyau. Amma ɗalibi na iya rubuta ma'anar talla da siffofin ɗan kasuwa nagari ya ci jarrabawa da kyau, a miƙa masa waya ya kasa sayar da kwano ɗaya. Ina roƙon malaman da ke koyar da darussan kasuwanci, da masu kula da ƙungiyar muhawara, su ware ko minti goma ne a mako don irin wannan wasan kwaikwayo. Ba ya buƙatar kayan aiki, kujera biyu ce kawai.

Kafin in ajiye biro, akwai iyakokin da ba a tsallakewa. Gwanintar magana ba lasisin ƙarya ba ce. Idan waken yana da ƙwari ka faɗa, a yi cinikinsa a kan haka, domin mai sayen da ya buɗe buhu a Jega ya ga saɓanin abin da aka gaya masa ba zai yi shiru ba, duk layinsu sai sun ji. Kada ka riƙa damun mutane da kira ba dare ba rana. Yawan damun jama'a da saƙonnin talla ne ya sa hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016, don mutum ya toshe su, kuma mai saye ma yana da tasa 2442 ɗin, wato ya daina ɗaukar lambarka. Kada a loda kaya saboda saƙon alat kawai, sai kawu ko mai POS ɗin da kuka amince da shi ya tabbatar kuɗi sun shiga asusu, domin alat na bogi ya kassara mutane da yawa. Duk wanda ya nemi lambar sirri ta kati, ko lambar BVN, ko lambar da banki ya turo yanzu-yanzu, ba mai saye ba ne, kashe wayar. Sannan, saboda halin da yankinku ke ciki, baƙon murya ba a gaya masa inda aka tara kaya, ko ranar da mota za ta tashi, ko hanyar da za ta bi, ko nawa aka samu. Wannan bayani na manya ne, su za su bayar ga wanda suka sani. 'Yan mata kuma ku yi amfani da layin mama ko na yaya, kuma duk wanda ya ce a kai masa kaya wani wuri, babba ne zai kai.

Daga yau zuwa hutun ƙarshen wannan zango akwai makonni da dama. Zama uku a mako na minti goma-goma ba zai taɓa lokacin karatun kowa ba, ban da 'yan aji uku masu shirin WAEC da NECO, waɗanda na yafe musu har sai sun ajiye biro. Idan hutu ya zo, kada ka fara da babban Alhaji. Ka zauna kusa da kawu wuni ɗaya kana saurare, ka ji farashin ranar da yadda ake jan magana, sannan ka fara da wanda ka san yana da sauƙin hali, na uku ko na huɗu ya zama shi wancan da ya ce a ba shi kawunka.

Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba tambayar wasu ɗalibai mata daga Argungu a kan yadda ake raba uwar kuɗi da riba a ƙaramar sana'a.